Yadda zaka fara kallon tsuntsayen ƙauyenku kana rubuta abinda ka gani

Jama'a duk wanda ya tashi a karkara a ƙasar Katsina ko Daura ya sani, in aka wayi gari aka ga shamuwa ta sauka bisa kukar bakin gari to a fara sharar gona a nemo iri, damina ta ƙarato. Ba a makaranta aka koya mana wannan ba. Amma da zan tambayeka bara ran nawa ga wane wata ta iso garinku, sheƙa nawa suka yi, sun ƙaru ne ko sun ragu akan na shekarun baya, sai kaga an tsaya ana kallon juna. Kowa zai ce maka "ai da sun fi haka yawa", to da nawa? ba wanda ya rubuta. Haka ungulu tai mana, muna yara ba'a yanka a mahauta basu cika wurin ba, wasu bisa katanga wasu bisa bedi suna jira, yau akwai yaran da suka yi wayo basu taɓa ganinta da ido ba, kuma ba mai iya ce maka ga shekarar da ta ɗauke ƙafa daga garinsu. Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai bin diddigin halittun dake cikin haɗari ta saka irin ungulun nan tamu ta mahauta cikin waɗanda ke gab da ƙarewa a duniya, guba da masu sayen sassanta don haɗa magani sun gama da ita. Shi yasa ni a ganina in za'a yi kallon tsuntsaye a garuruwanmu a haɗa shi da biro da littafi, kuma a fara da waɗanda muka raina, na ƙofar gida.

Wani zai ce wannan ai aikin Turawa ne ko na wanda ya rasa abin yi. Ya duba Suratul Mulk aya ta 19, inda aka ja hankalinmu ga tsuntsayen dake bisa kanmu suna buɗe fukafukai suna rufewa, ba mai riƙe dasu sai Mai rahama. Kallo ne da tunani, kuma akwai amfani ga manomi, zan zo wurin.

Abinda zaka tanada

Ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare wanda zai shiga aljihu, da biro ko fensir, da gorar ruwa. Shikenan ka fara. Kaya kasa masu duhu-duhu, ruwan ƙasa ko ruwan toka, farar shadda mai sheƙi tun daga nesa tsuntsu ke hangota ya tashi. Takalmi rufaffe in zaka bi ciyawa saboda ƙaya da maciji. Waya ka kashe mata ƙara.

Madubin hangen nesa yana da daɗi amma kar rashinshi ya zaunar dakai. In Allah ya hore zaka saya, nemi wanda aka rubuta 8x42 ko 8x32 a jikinshi, 8 ɗin shine sau nawa yake jawo abu kusa, lambar bayan kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, iya faɗinshi iya hasken da yake shigarwa. Kar mai shago ya ruɗeka da mai lamba 20 ko sama, hannu na ɗan rawa hoton zai ta tsalle baka ganin komai. In na hannu ne ka leƙa ta ciki kafin ka biya, in abu ɗaya ya zame maka biyu ko kaji ido na ja, ajiye mashi kayanshi. Yadda ake amfani dashi kuma, ka kafe tsuntsun da idonka tukuna sannan ka ɗago madubin zuwa ido baka sauke kai ba, masu farawa nan suke shan wahala, sai su duƙa neman madubi kafin su ɗago an tashi. Lokacin hazo ka riƙa sashi a jaka, ka hure ƙurar kafin ka goge da ƙyalle mai laushi, in ka murza da bakin riga yashi zai karce gilashin.

Kafin ka fita, gaisuwa

Wannan kar a yi wasa dashi. Halin da jiharmu ta shiga na ɓarayin daji yasa duk wanda aka gani bayan gari da madubi yana leƙe-leƙe yana rubutu a littafi, ba tsuntsu ne zai fara zuwa ran mutane ba, infoma za'a ce. To kaje wurin mai unguwa ko mai gari ka durƙusa ka gaishe shi, kace "ranka ya daɗe, ni ɗan gidan wane ne, tsuntsayen garin nan nake ƙirgawa ina rubutawa, ba harbi nake ba kuma bana ɗaukar hoton kowa". Ka nuna mashi littafin, in kana da madubi ka miƙa mashi ya leƙa. 'Yan sintiri ma su sani. Kar ka saita madubi wajen gidan mutane ko rijiyar da mata ke ɗibar ruwa, ko shingen jami'an tsaro, musamman ku na bakin iyaka irin su Kongolam da Mai'adua da Jibia. Dajin Rugu da kewayenshi kuwa a haƙura, ba tsuntsun da ya kai ranka. In gonar wani zaka ratsa bi ta kan iyaka, kayi sallama.

Lokaci da wuri

Daga sallame asuba zuwa hantsi, nan ne kasuwar take ci, suna jin yunwa suna kuka kowa ya fito. Sai bayan la'asar zuwa faɗuwar rana, lokacin shan ruwa da komawa makwanci. Tsakar rana ta bazara ka zauna gida, sai dai in shirwa da sauran masu shawagi kake so, su sai ƙasa ta ɗau zafi iska mai ɗumi ta fara hawa sannan suke tashi sama su yi ta kewaya ba tare da kaɗa fiffike ba. Ka tsaya rana na bayanka, in tana gabanka duk tsuntsu baƙi zaka ganshi.

Wuri kuma shawarata ka zaɓi hanya ɗaya gajera ka riƙe ta, misali daga bayan makarantar firamare ka bi ta gindin tsamiya ka gangara kududdufi ko fadama ka dawo ta turken shanu. Ita zaka riƙa bi duk sati, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Mutum na ganin kamar yawo wurare da yawa yafi, a'a, wanda ya maimaita hanya ɗaya shekara guda shi ke gane wa ya zo wa ya tafi. Itatuwan da zaka sa ma ido: ɓaure da cediya da gamji in sun yi 'ya'ya, kanya, kurna, magarya, giginya da goriba, sai gawo, wanda shi da rani yake ganye sa'ilin da sauran suka kaɗe, don haka ƙwari na taruwa a kanshi ƙananan tsuntsaye na binsu. In ka samu ɓaure ya nuna, nemi inuwa ka zauna kawai, rabin awa baka motsa ba zaka ga abinda tafiyar awa biyu bata baka ba.

In ka samu hali sau ɗaya a wata ka leƙa babban ruwa. Mutanen Daura ga dam ɗin Sabke da na Daberam, na Katsina ga Ajiwa kusa, akwai Zobe a Dutsin-Ma da na Jibia, amma waɗannan biyun ka tambayi 'yan gari yadda hanya take kafin ka kama ta.

Yadda ake gane tsuntsu

Mai farawa launi yake fara kallo, kuma launi ne yafi yaudara, hasken safe daban na yamma daban, ga hazo. Fara da girma, ka auna shi da wanda ka sani: ya kai kanari, ko kurciya, ko hankaka, ko zabuwa? Sai baki, gajere mai kauri na fasa tsaba ne, siriri na cin ƙwari, lanƙwasasshe mai ƙugiya na cin nama, dogo mai tsini na kamun kifi. Sai bindi da ƙafa. Sannan ina ka ganshi kuma me yake yi, a ƙasa yake tafiya ko tsalle yake, shi kaɗai ne ko cikin taro, tashinshi miƙe ne ko hawa da sauka yake irin na cilakowa. Launi ya zo ƙarshe, shima kace ina yake, kai ne ko ƙirji ko fiffike.

Kayi gwaji da kurciyoyi tunda kullum suna nan. Yawancinmu duk kurciya muke ce masu, amma zauna bakin masussuka da safe ka duba da kyau. Akwai ƙarama mai jaja-jajan jiki wadda bata da baƙin zobe a ƙeya, sai ɗige-ɗigen baƙi a ƙirji, ita ce mai shigowa har tsakar gida. Akwai masu baƙin layi a bayan wuya kamar an ɗaura masu zare, su ma ba iri ɗaya bane, kukansu ke raba su. Ga bardo, ɗan ƙarami mai dogon bindi, namijin fuska da maƙogwaro baƙi ƙirin, macen bata da shi, in ya tashi zaka ga ja a fiffikenshi. Ga hasbiya, babba, jan fata kewaye da ido da fararen ɗigo a fiffike, mai son soro da rufin makaranta. In ka dace a kan ɓaure ko gamji zaka ga kurciyar gamji, bayanta kore cikinta rawaya, tana lafewa cikin ganye sai ta motsa kake ganinta. Ran da ka iya raba waɗannan ba tare da dogon tunani ba, idonka ya buɗe, sauran zasu zo da sauƙi.

Kunne ma rabin aikin ne. Ragon maza sau da yawa baka ganinshi, yana cikin sarƙaƙiya, sai dai kaji kukan nan kamar ana tsiyaye ruwa daga gora, in ya fito kaga baƙin kai, jan fiffike, farin ciki, ido jawur, yana tafiya a kasalance. Fakara da sassafe take ƙara daga bisa suri ko kunya. Kirinjijiya fito take, ko da dare suka ratsa bisa gari zaka ji su. Zakaran ƙeƙuwa kuwa shine mai tona maka asiri a bakin ruwa, yana hangoka zai ɗau ihu kowa ya watse, don haka in ka ganshi ka rage sauri ka zauna har ya manta dakai.

Wanda baka gane ba kar ka ƙaƙaba mashi suna. Zana shi ko zanen bai yi kyau ba, ka ja kibiya ka rubuta "nan ja, nan fari, baki dogo". Sannan ka kai ma tsofaffi, maharba da makiyaya da masunta da masu tsaron gero, wallahi abinda ke kansu ba kaɗan bane. "Baba, wani na gani a fadama mai dogayen yatsu yana tafiya bisa ganyen bado bai nutse ba, ya sunanshi?" Zai faɗa maka, ya ƙara maka da lokacin da yake ƙwai da abinda yake ci. Ka rubuta sunan yadda ya faɗa da garin da aka faɗa, don wani sa'in sunan Daura daban na Funtua daban.

Abinda kowane lokaci ke kawowa

Ƙarshen bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu, ido na kan shamuwa. Daga kudancin Afirka da gabashinta take dawowa ta yi sheƙa wurinmu, sai kaka ta koma. Baƙa ce mai farin ciki, lokacin ƙwai fuskar na yin shuɗi da ɗan ja gaban ido. Fara da tsutsa take ci shi yasa manomi bai da abokiya kamarta. Rubuta ranar da ka fara ganinta, ka ƙirga sheƙa a kowace bishiya, in 'ya'ya sun fara leƙowa ka ƙirga su daga ƙasa, ka rubuta ranar da ka daina ganinta.

Damina ita ce lokacin ado. Balbela da ka sani fara tas zaka ga kai da ƙirji da baya sun yi ruwan goro. Gado namiji ya zama rawaya da baƙin kai, yana tsage ganyen ciyawa ko na giginya yana saƙa, ƙofar sheƙar na kallon ƙasa, in ya gama ya rataye a jiki yana kaɗa fiffike yana kiran mace ta zo ta duba. Mulufi ja da baƙi bisa kan gero da dawa wajen Agusta da Satumba, zalaidu na jan dogon bindi a sama, ita macen zalaidu bata ma yin sheƙa, cikin ta ƙananan tsuntsaye take zuba ƙwai su rena mata. Abinda zai ruɗeka, da rani duk waɗannan mazan suna zubar da adon su koma ruwan ƙasa kamar matan, sai ka ɗauka sun yi ƙaura alhali suna nan. In kaga cilakowa na kai da komo wurin kogon bishiya da ƙwaro a baki, tsaya nesa ka duba, macen na ciki ta liƙe ƙofar ta bar 'yar tsaga, ta nan mijin ke miƙa mata abinci har a ƙyanƙyashe.

Da kaka kuma sai jan-baki, kuma nan ba zan yi ma manomi daɗin baki ba, ɓarna suke, ba tsuntsun daji a duniya da ya kai su yawa, in suka sauka gonar gero ko shinkafa sai Innalillahi. Amma mai littafi shi zai iya cewa ga ranar da suka fara bayyana, daga wace kusurwa suke zuwa, ga inda suke kwana, kuma irin labarin da malaman gona ke buƙata kenan da wuri. Sannan zai iya nuna ma mutane cewa ba duk ƙaramin tsuntsu ne jan-baki ba, kar a haɗa da masu cin tsutsa a hallaka.

Daga Satumba zuwa Oktoba baƙi ke isowa daga Turai da Asiya, sun ƙetaro hamadar Sahara, suna nan har Maris ko Afrilu. Duba tsakanin ƙafafun shanu a fadama, akwai ɗan siriri mai rawayan ciki yana tafiya yana kaɗa bindi sama da ƙasa, bai kai giram 25 ba amma daga can yake. Bakin dam zaka ga masu dogayen ƙafa suna caccakar laka, da ƙananan agwagin ruwa gauraye da su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Wanda ya samu hali yaje dausayin Hadejia da Nguru da hunturu, wurin Dagona a jihar Yobe, yaga yadda suke taruwa dubbai. Alhudahuda ma, wanda labarinshi da Annabi Sulaiman ya zo a Suratun Naml, a fili mai yashi zaka ganshi yana soka dogon baki a ƙasa, tukkun a kwance, sai ya sauka ko ya firgita yake baza shi.

Akwai waɗanda ko sau ɗaya ka gansu ka rubuta da babban baƙi: ungulu, gauraka wadda ake ɗauka tsuntsuwar dake alamta Najeriya amma kamu don ajiyewa a gidaje da bushewar fadamu sun sa ganinta a daji ya zama labari, burtu da maharba ke ɗaura kanshi a goshi, tuje, har carki mai cire ma shanu kaska. Ka tambayi tsofaffi yaushe rabonsu da su, shima ka rubuta.

Yadda rubutun zai kasance

Saman shafi kwanan wata, wuri, ƙarfe nawa ka fara ƙarfe nawa ka gama, yanayin gari, hazo ne ko hadari ko an kwana da ruwa. Ƙasa sunan kowane tsuntsu da adadi. In taro ne babba ƙirga goma ka ga girman gungunsu sannan ka auna sauran goma-goma, ka rubuta "kimanin". Hankaka da balbela ma a rubuta su duk fita, kar kace ai kullum suna nan, ungulu ma da kullum tana nan. In ka zaga baka ga wanda ka saba gani ba, rubuta "yau ban ga kaza ba". In kana shakka sa alamar tambaya, ba abin kunya bane, ƙarya a littafi ita ce ke ɓata aikin shekara.

Mai babbar waya yana iya ɗaukar kuka da rikoda, ko ya ɗora kyamarar a bakin madubi ya ɗau hoto. Manhajar Merlin na taimakawa wurin gane hoto amma kar ka bita ido rufe, tana kuskure. eBird kuma wurin ajiye lissafi ne da masu bincike ke amfani dashi. Nan gida akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI dake Laminga kusa da Jos, su ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015 da manhajar BirdLasser, sun yanka ƙasar gida-gida kowane gida kusan kilomita 9 tsawo 9 faɗi, ana so ka shafe aƙalla awa 2 a ciki kana shigar da duk irin da ka gani. Najeriya nada irin tsuntsaye sama da 900, kuma masu wannan aiki ba zasu iya zuwa kowane ƙauye ba, kai da ke zaune a wurin kafi kowa dama. Amma ko ka shigar a waya ka bar na littafin, waya na faɗawa ruwa ana kuma sace ta.

Abubuwan kiyayewa

Kar ka hau bishiya leƙen sheƙa, kar ka taɓa ƙwai ko ɗan tsuntsu, in uwa na ta kewayaka tana kuka ka matso da yawa, ja baya. In ka gano inda ungulu ko mujiya ko gauraka ke sheƙa kar ka saka wurin a Facebook ko guruf ɗin WhatsApp, akwai masu nema su sayar. Ita mujiya camfi ne ke sa a kashe ta, alhali ɓeraye take kwashe mana a bakin rumbu. In ka tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, ba asiri bane ba kuma leƙen asiri ba, masu bincike ne suka sa don sanin hanyar da yake bi, kwafi lambar da rubutun dake jiki da rana da wuri ka aika ma su APLORI, amma kar a harbo mai rai saboda zobe. In kuwa kaga sun mutu da yawa wuri guda kar ka taɓa da hannu, kar a kai gida kusa da kaji, a sanar da malaman dabbobi, murar tsuntsaye ta taɓa shigo mana a 2006 ta jihar Kaduna kuma tana dawowa lokaci-lokaci.

Yaran unguwa masu danƙo kuma faɗa baya hana su, jawo su zakai. Sun fi ka sanin inda kowace sheƙa take. Ka basu aikin ƙirga, wannan ya riƙe tsamiya wancan kududdufi, su kawo maka lissafi da yamma ka rubuta da sunan wanda ya gani.

Iyayenmu mata da 'yan uwa da basa fita, da tsofaffin da ƙafa ta gaza, su ma ga hanya. A samu kasko marar zurfi a zuba ruwa, a jefa 'yan duwatsu ciki don ƙanana su samu wurin tsayawa, a ajiye a inuwar bishiyar tsakar gida inda kyanwa bata da maɓoya kusa. Da bazara cikin 'yan kwanaki zasu gano shi, kurciya da kanari da jajayen ƙananan nan masu bin tsakin gero. A zauna daga bakin ɗaki a ƙirga na rabin awa bayan an karya, a rubuta kamar yadda na faɗa a sama. Ruwan a zubar a wanke kaskon a sake sabo kullum, saboda sauro da cuta.